Yadda Ake Kai Ɗalibai Wurin Masu Sana'ar Hannu, Sannan a Gayyato Gwani Ya Koyar a Makaranta

Wannan bayani na malamin da aka danƙa wa darasin al'adu da fasaha ne a ƙaramar sakandare, ko darasin zane a babba, wanda ya gaji da zana tukunya a jikin allo yana cewa yara su kwafa. Aikin kashi biyu ne, kuma ba a raba su. Da farko a fita da yara su ga gwani a wurin sana'arsa. Daga nan a gayyato gwanin makaranta ya yi makonni yana koya musu da hannunsa. Na sha gudanar da wannan aiki, kuma abin da na tabbatar shi ne: in aka tsaya a fita kawai, yara sun sha iska sun dawo, bayan mako biyu ba abin da ya rage sai hotuna a wayar malam. In kuma aka kawo gwani ba tare da an je wurinsa ba, yara za su ɗauke shi wani dattijo ne da aka ɗauko ya cike gurbi, domin ba su gan shi a inda ake rusuna masa ba.

Zan yi misali da rini a Kano, don shi na fi gogewa a kai. Amma matakan ɗaya ne ko dukanci ka zaɓa, ko ginin tukwane, ko zayyanar allo.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Takardu: wasiƙar neman izini zuwa ga shugaban makaranta, takardar amincewar iyaye da za a sa wa hannu, jerin sunayen yara da lambar wayar wani babba a gidan kowannensu, da wasiƙar sanarwa zuwa wuraren da za ku ziyarta.

Na ranar fita: littafin zane ga kowane yaro, fensir biyu, abin fiƙe fensir, da ɗan kwali mai tauri da zai ɗora takarda a kai, tunda a tsaye zai yi zane. In babu kuɗin littafi, a sayi farar takarda a naɗe ta biyu a ɗinke tsakiya da zare. Sai ruwan sha mai yawa, abinci, akwatin taimakon gaggawa, da kuɗi tsaba a hannunka na shiga gidan tarihi da na alheri ga masu sana'a.

Na aiki a makaranta: farin yadi na auduga zalla, alawayyo ko akoko ko farar shadda, zare mai ƙarfi ko zaren da aka warware daga buhu, allurai, tsakuwa ƙanana ko ƙwayar wake, babbar durom ta roba mai murfi, bokitai uku ko huɗu, doguwar sanda ta juyawa, safar hannu ta roba, igiyar shanya, reza ko almakashi. Baba, wato tsiron da ake rini da shi, da toka da kanwa kuwa kada ka saya da kanka. Ka ba gwani kuɗi ya zo da nasa, shi ya san mai kyau.

Mutane: babba ɗaya ga kowane yara goma. In akwai 'yan mata a cikin tafiyar, dole a samu malama.

MATAKI NA 1: ZAƁI SANA'A ƊAYA TAK

Kuskuren da sabon malami ya fi faɗawa shi ne son a ga komai a rana ɗaya: marina, majema, Kurmi, Dala, gidan zu, a ƙare da shan askirim. Yara za su dawo a gajiye da kai cike da hayaniya. Ka zaɓi sana'a guda, ka gina zangon karatun gaba ɗaya a kanta.

Tambayoyi uku za su taimake ka. Akwai gwanin wannan sana'a da zai iya zuwa makarantarku ya koma gida a wuni? Za a iya yin ta a harabar makaranta ba tare da haɗari ba? Yaro zai iya gama abu ɗaya da hannunsa cikin makonni huɗu zuwa shida? Ƙira tana burge yara ƙwarai, amma wuta da zuga-zugi da jan ƙarfe a tsakiyar yara arba'in ba abin wasa ba ne, don haka ita a je a gani kawai. Rini da dukanci da zayyana da ginin tukwane da saƙar faifai duk sun cika sharuɗɗan nan.

Akwai wata fa'ida kuma. A garuruwanmu wasu iyaye ba sa sakin jiki da darasin zane saboda batun zana abu mai rai. Waɗannan sana'o'i ado ne na layi da kusurwa da launi, irin dagi da aska takwas da tambari da kowa ya saba gani a jikin babbar riga, ba wanda zai ɗaga maka gira a kansu.

MATAKI NA 2: KA JE DA ƘAFARKA TUKUNA

Kada ka aika, kada ka tsaya a waya. Ka je wurin kai kaɗai, kamar wata guda kafin tafiyar. Ka yi sallama, ka nemi babban wurin. Kusan kowace sana'ar gargajiya tana da shugabanta, kamar yadda ake da Sarkin Maƙera da Sarkin Magina, kuma ta ƙofarsa ake shiga. In ka tsallake shi ka ƙulla magana da wani matashi da ya tare ka a bakin hanya, ranar da ka zo da yara za ka ga fuskoki a ɗaure.

Ka gaisa yadda ya kamata, ka faɗi makarantarku, ka ce, "Baba, yara nake so in kawo su ga aikinku, kuma in da hali a ba mu wani daga cikinku ya riƙa zuwa yana koya musu." Ka sayi wani abu kafin ka tafi, ko da ɗan ƙaramin mayafi ne.

Sannan ka zauna ka yi kallo, domin gwanin da kake nema ba lallai ne ya zama wanda ya fi kowa iya aiki ba. Ka lura da wanda yake da yaran aiki a gefensa, ka ji yadda yake musu magana in sun yi kuskure. Wanda ya iya cewa "sake ɗaurewa, bai yi ƙarfi ba" ba tare da tsawa ba, shi ne naka. Wani gwanin hannunsa zinariya ne amma bakinsa ba ya buɗewa, wani kuma surutu ne da shi saboda ya saba da baƙi 'yan yawon buɗe ido, ya haddace jawabi ɗaya yana maimaitawa. Ka nemi na tsakiya.

A harkar rini akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: maza ne a bakin rijiyoyin rini, amma ƙullin da ke fitar da adon, galibi mata ne ke yin sa a cikin gida. Saboda haka in so samu ne ka gayyato mutum biyu, marini da mai ƙulli. Malama ce za ta shiga gidan ta gaisa, a nemi yardar maigida, a shirya yadda za a ɗauko ta a mayar da ita. A makarantar 'yan mata wannan baiwar Allah ita ce za ta zama ginshiƙin aikin.

MATAKI NA 3: IZINI DA KUƊI

Shugaban makaranta zai yi maka tambaya ɗaya da na san za ta zo: mutumin nan yana da takardar shaida? Ka je da amsarka. Ka ciro naira ashirin ka nuna masa bayanta. Matar da ke gina tukunya a jiki Ladi Kwali ce, wadda ta koyi sana'ar a gida tun tana yarinya, a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. Ta zagaya Ingila da Amurka tana nuna wa ɗalibai da malamansu yadda ake gini da hannu, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ka ƙara masa da cewa makarantar da Ɗan Hausa, wato Baturen nan Hanns Vischer, ya buɗe a Nasarawa a Kano a 1909 tana da sashen sana'o'in hannu. Kawo mai sana'a cikin makaranta ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan.

In makarantar gwamnati ce, shugaban zai sanar da ofishin ilimi na shiyya, kuma wannan yana ɗaukar lokaci, don haka ka shigar da takardarka tun farkon zango. Iyaye kuma a yi musu bayani a taron iyaye da malamai, a rubuta musu da Hausa: inda za a je, ƙarfe nawa za a tashi, ƙarfe nawa za a dawo, wa zai raka. Yaron da bai dawo da takarda da sa hannu ba, ba ya shiga mota, ko ɗan wane ne.

Yanzu maganar da nake so ka riƙe da kyau, wato haƙƙin gwani. Duk ranar da ya zo makarantarku ya bar aikinsa ne, ya bar cinikin ranar. Ka tambaye shi kai tsaye abin da yakan samu a wuni, ka ɗora kuɗin mota da abinci, ku yi yarjejeniya a gaban shaida, ka riƙa biyansa a ƙarshen kowane mako. Kada ka bari a ce sai ƙarshen zango in an fitar da kuɗi. Kuma kada a sallami dattijo da "Allah ya saka da alheri" da kwalbar lemo. Addu'a tana da kyau, amma ba ta maye gurbin lada. Na ga makarantar da ta kashe kuɗi mai yawa a kan rumfa da kujerun bikin rufewa, mai koyarwar kuwa ya tafi da abin da bai kai kuɗin motarsa ba. Irin wannan shi ke sa in wani malami ya je gobe a ƙi sauraronsa.

In kuɗi sun yi ƙaranci, ka rage yawan ranaku, kada ka rage ladan rana. Kuma ka tsara yadda yaron da iyayensa ba su da hali zai tafi ba tare da an kira sunansa a gaban aji ba. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko wani mai hali a unguwa sukan ɗauki nauyin irin wannan in an same su a asirce.

MATAKI NA 4: TSAYAR DA LOKACI

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi. Bazara tana galabaitar da yara a fili, damina kuma tana hana shanya. Ka kauce wa makon jarrabawa da watan azumi da hidimar Sallah. In cikin birnin Kano za ku, kada ku sa ranar Juma'a, domin hanyar Ƙofar Mata ita ce ke kaiwa babban masallaci da fada, cunkoso zai cinye muku rana. Talata ko Laraba da safe ta fi. Tafiya ta zama ta wuni ɗaya, a fita bayan gari ya waye a dawo kafin la'asar sakaliya. In hanyar da za a bi akwai ɗar-ɗar ta fuskar tsaro, a fasa, a nemi gwani na kusa.

MATAKI NA 5: SHIRYA YARA

Darasi biyu sun isa. A na farko ka ce kowa ya zo da wani abu rinanne ko mai ado daga gida: tsohon zanen kaka, rawani, hula, jakar fata. A baje su a tebur, kowa ya kwafi ado ɗaya a littafinsa. Ka ba su tarihi kaɗan, daidai abin da za su riƙe: ana danganta kafuwar marinar Ƙofar Mata da shekarar 1498, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, rinannen tufafin Kano ya ratsa Sahara a bayan raƙuma, turkuɗin Kura mai sheƙi har yau Buzaye suna nemansa. Kada ka wuce haka, sauran su ji daga bakin masu abin.

A darasi na biyu kowane yaro ya rubuta tambaya biyu da zai yi. Ka tace su. "Nawa kake samu?" ba tambayar da yaro zai yi wa sa'an kakansa ba ce. "Baba, ta yaya kake gane rini ya nuna?" ita ce tambaya. A koya musu ladabin wurin: gaisuwa da rusunawa, ba a taɓa kaya sai an ba da izini, ba a ɗaukar hoton mutum sai an tambaye shi, kuma ba a toshe hanci. Wannan na ƙarshen ka nanata shi. Marina tana da wari, majema ta fi ta, kuma ba abin da ke ɓata wa mai sana'a rai kamar yara su shigo suna yatsina fuska a wurin da yake ciyar da iyalinsa.

MATAKI NA 6: RANAR FITA

Ka ƙirga yara kafin a shiga mota, ka ƙirga a duk sauka da hawa. Ka raba su rukuni-rukuni tun daga makaranta, kowane rukuni da babbansa.

Ku fara da marina tun da sanyin safiya. Rijiyoyin a daidai ƙasa suke, bakinsu a buɗe, zurfinsu ya fi tsayin mutum nesa ba kusa ba, gefensu kuma da santsi. Ba gudu, ba turereniya, rukuni ɗaya ne ke matsowa a lokaci guda. Sauran su tsaya baya suna zana abin da suke gani: jerin rijiyoyin, murafunsu, tulin toka, mutum a tsugune hannunsa cikin rini.

Abin da nake so kowane yaro ya gani da idonsa shi ne lokacin da marini ya ɗago yadi daga rijiya. Ba shuɗi yake fitowa ba. Kore-kore yake fitowa, mai ɗan rawaya, sai marinin ya buɗe shi ya bar iska ta ratsa, a gaban idonka ya riƙa juyewa har ya zama shuɗi. Ka roƙi marinin ya maimaita sau biyu ko uku ga kowane rukuni, ka yi shiru ka bar yara su yi mamakinsu. Bayanin da suke buƙata gajere ne: a cikin ruwan rini launin baba a narke yake, shi ya sa yake shiga zare, da ya haɗu da iska sai ya koma shuɗin da ruwa ba ya narkarwa, ya maƙale a ciki. Duhun launi kuma daga yawan tsomawa da ɗagowa yake zuwa. In malamin kimiyya zai biyo ku, ka ja shi, ya samu darasinsa a nan.

Daga nan ku leƙa wurin masu bugu, inda ake shimfiɗa yadi a kan gungumen ice ana dukansa da manyan sanduna har ya yi sheƙi. Yara su saurari yadda sautin ke tafiya bi da bi tsakanin mabuga.

Wuri na biyu, kuma na ƙarshe, Gidan Makama, kusa da fadar Sarki. Ginin kansa tun zamanin Rumfa yake, yanzu gidan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. A nan kada ka bari a yi ta bin jagora ɗaki-ɗaki kamar ana kora garke. Bayan zagaye ɗaya, kowane yaro ya zaɓi abu guda ya zauna gabansa minti ashirin yana zanawa: bakan gizo na rufin soro, yadda aka jera azara, zanko a saman katanga, ko adon jikin bango. Za ka ga wani yaro ya gano da kansa cewa adon bangon nan ɗan'uwan wanda ya kwafa ne daga hular babansa.

Wayoyi su zauna a hannun malamai. Yaron da ya ɗauki hoto ya gama da abin a daƙiƙa ɗaya, wanda ya zana kuwa sai ya ƙirga layukan.

Kafin ku bar marina ka miƙa alherinka ga shugaban wurin a gaban mutanensa, yara su yi godiya, ka kuma tabbatar da ranar da gwani zai fara zuwa.

MATAKI NA 7: KADA ABIN YA HUCE

A darasin farko bayan dawowa a manna zanen kowa a bango. Kowane yaro ya faɗi abu ɗaya da ya gani wanda yake zaton ba wanda ya lura da shi. Sannan kowa ya zana adon da yake so ya fitar a nasa yadin. Gwani ya fara zuwa cikin mako guda, in an daɗe zafin abin zai tafi.

MATAKI NA 8: ZAMAN GWANI A MAKARANTA

Sau biyu a mako, awa biyu kowane zuwa, na tsawon makonni huɗu zuwa shida. Minti arba'in na darasi ba ya isa, kafin a fito da bokitai an buga ƙararrawa. Ka nemi a haɗa maka darasi biyu a jere, ko a yi bayan tashi. Wurin aiki ya zama inuwar bishiya ko baranda kusa da ruwa.

Ranar farko shugaban makaranta ya gabatar da shi a taron safe, da sunansa da sana'arsa, a ce wa yara malaminsu ne. Su kira shi Malam ko Baba, mai ƙulli kuma Inna ko Hajiya. A ba shi kujera a ɗakin malamai, a ci abinci da shi.

Kafin ya fara, ku zauna ku biyu ku fahimci juna a kan abu ɗaya. Shi yadda ya koya, yaro yakan yi shekaru yana kallo da ɗebo ruwa kafin a bar shi ya taɓa yadin mutane. Don haka da ya ga ɗalibi yana ɓata aiki, hannunsa zai kai ya karɓe ya gyara. Ka roƙe shi da girmamawa: "Baba, yadin nan na gwaji ne, a bar su su ɓata, in sun ɓata sai ka nuna musu inda suka kauce." Kai kuma naka aikin shi ne tsawatarwa da kula da lokaci da rubuta abin da ya faɗa. Kada ka bar masa aji ka tafi hira. Kada ka gyara masa magana a gaban yara, ko da littafinka ya faɗi wani abu daban. Kada ka tilasta masa rubutu a allo. Mafi kyau ma ka ɗauki naka ƙyallen ka zauna cikin yara ka koya.

Ga yadda nake raba makonnin.

Mako na farko: haɗa rini da shirya yadi. Gwani ya haɗa ruwa da toka da baba da kanwa a durom a gaban yara. Ma'aunin a hannunsa yake, ka bar shi. Rinin yana buƙatar kwanaki kafin ya nuna, ana juya shi kullum, don haka a naɗa yara biyu-biyu masu juyawa, su rubuta yadda launi da kumfa da wari ke sauyawa. Sanyin hunturu yana jinkirta shi, sai a ajiye durom inda rana ke bugu, a lulluɓe ta da buhuna da dare. A makon nan kuma a wanke yadi sarai a cire sitacin kamfani, in ba haka ba rini zai kama dabbare-dabbare. Ka gwada yadin tun a kasuwa: ka zare zare ɗaya ka kusanta shi da ashana. Auduga tana ci ta zama toka mai laushi, mai roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. Mai roba ba ya shan baba, asarar kuɗi ce.

Mako na biyu: ƙulli. Kowa ya fara da ƙyalle kamar faɗin hankici. A sa tsakuwa ko wake a tsakiya a ɗaure wuyansa don a samu zobe, a yi naɗi a ɗaure don a samu layi, a yi ɗinki a ja zaren ya tattare. Kuskuren kowane sabon hannu ɗaya ne, ɗauri sakwa-sakwa. Rini ya shige ƙarƙashin zare, a kwance a ga ba komai. Mai ƙulli ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ja da yatsa, wanda ya motsa a sake. Kowa ya ɗinka wata alama a gefen nasa, domin bayan rini duk kamarsu ɗaya, kuma rigimar "nawa ne" ba ta da daɗi.

Mako na uku: tsoma ƙyallen gwaji. A jiƙa shi da ruwa mai tsabta a matse, a zura a hankali ba tare da fantsama ba, domin iska in ta yi yawa a cikin durom tana kashe rinin. A ɗago, a buɗe lungunan ya sha iska, a mayar. Ka sa a yi gwaji ɗaya na aji: ƙyalle huɗu, na farko tsomawa ɗaya, na biyu uku, na uku shida, na huɗu goma, a jera su a igiya. A ɗauraye kafin a kwance ƙulli, a yanke zare da kula kada reza ta huda yadi, a shanya a inuwa. Yara su zo da tsofaffin kaya ranar, ka sanar da iyaye tun da wuri, don uwar da aka mayar wa farar rigar makaranta shuɗiya ba za ta saurari bayanin fasaha ba.

Sauran makonni: aikin gaske. Kowa ya yi abu ɗaya mai amfani, ɗankwali ko rigar matashi ko jakar littattafai. A nan za ka ga yaron da ba ya magana a aji ya zama shi ake tambaya.

IN WANI ABU YA GAGARA

In rinin baba ya ƙi nuna, ko lokaci ya ƙure, gwani zai iya kawo nunannen rini a jarka daga wurinsa, ko a tara ƙullin yara a kai marina tare da wakilai biyar. Akwai galura ta zamani da ake haɗawa da soda da ruwan zafi, tana da sauri, amma sodar tana ƙona fata kuma tururin yana shaƙe mutum. In dole sai ita, babba ne kaɗai zai haɗa, a fili, da safar hannu da takunkumi. Ga 'yan firamare kuwa, ɓawon albasa da gangamau da zoɓo da karan dafi sun isa su nuna musu yadda launi ke fita daga tsiro, sai dai ka gaya musu tun farko cewa wasu za su koɗe da wanki.

In babu kuɗin mota, a taka da ƙafa. Da wuya a samu gari ko ƙauyen da babu mai ginin tukwane, ko baduku, ko masaƙi, ko alaramman da ke zayyana allon sauka da tawadar da ya haɗa da kansa. Zayyana ma ita ce mafi sauƙin kaya: allo ko takarda mai kauri, alƙalamin kara, tawada.

In ba a Kano kake ba, duba abin da ke kusa da kai. A Zariya akwai masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ga kuma sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello, inda za ka iya neman ɗalibin ajin ƙarshe ya zo ya yi muku makonni. A Jos akwai gidan tarihin da aka buɗe a 1952 da tsofaffin kayan yumɓu na Nok, da filin da aka kwaikwayi gine-ginen gargajiya na sassan ƙasar nan. Katsina na da hasumiyar Gobarau, Bida na da maƙeran tagulla da masu narka gilashi, Damagaram na da gidajen unguwar Birni masu ado, Agadas na da maƙeran azurfa.

MATAKI NA 9: MAKI, BAJE KOLI DA SALLAMA

Kada ka ba da maki a kan kyawun abin da aka gama kaɗai, domin wani sa'a ce ta taimake shi. Ka duba littafin zane, da ƙyallen gwaji, da aikin ƙarshe, sannan yaro ya tsaya ya bayyana da bakinsa yadda ya yi da abin da zai sauya in zai sake. Ka nemi ra'ayin gwani a keɓe, yakan ga abin da kai ba ka gani ba.

Baje kolin ba ya buƙatar rumfa. A ɗaura igiyoyi a baranda, a rataye aikin kowa da sunansa, har da ƙyallayen da suka ɓaci, a gayyato iyaye da shugaban marina. Sunan gwani da na mai ƙulli su kasance a sama da manyan baƙaƙe. A ba su tebur su kawo nasu kayan su sayar wa iyaye, kuɗin duk nasu ne. In makaranta za ta sayar da aikin yara, a nemi yardar yaran, kuma abin da aka samu a ajiye shi don yadin baɗi.

A biya cikon haƙƙin gwani kafin taro ya watse, a ba shi takardar godiya mai hatimin makaranta, domin tana yi masa amfani in wata makarantar ta neme shi. Ragowar rini kada a zubar kusa da rijiya ko a lambun makaranta. Ka tambayi gwani ko yana so ya tafi da shi, in ba ya so a haƙa rami nesa da ruwan sha a juye. A wanke durom a kife, a haɗa allurai da almakashi a kulle. Kai kuma ka rubuta a littafi ɗaya abin da aka kashe, da yawan yadin da ya isa, da kwanakin da rinin ya ɗauka kafin ya nuna a watan da kuka yi, ka ajiye a ofis inda malamin da zai karɓi ajin zai same shi.